Kwana 40 Ina Koyon Addu'ar Shiru

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙasar Sumaila, a kudancin Jihar Kano, kuma da yake albashi ba ya riƙe gida sai an haɗa da noma, da rani ina yin lambun albasa da tumatir a fadamar da mahaifinmu ya bari. Mu Hausawa ne Kirista, jikokin waɗanda ake kira Maguzawa, kuma tun ina saurayi ni ake miƙa wa jagorancin addu'a a majami'armu idan Fada, wato limamin majami'a, bai samu zuwa ba, domin ina da murya kuma kalmomi ba sa yi mini wuya. A farkon shekarar 2023 na cika wata 14 ban ce wa yayana ko “ina kwana” ba, alhali uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, saboda saɓanin da ya shiga tsakaninmu a kan iyakar fadamar nan. Duk da haka kowace Lahadi ina tsayawa gaban jama'a ina roƙon Allah ya gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, shi kuwa yana zaune a benci na uku ya sunkuyar da kai. Mahaifiyarmu a gidana take zaune, don haka Yaya ya koma zuwa gaishe ta a lokacin da ya tabbata ina makaranta.

Wanda ya fara taɓa mini wannan gyambo shi ne tsohon katakis ɗinmu, wato mai koyar da addini a majami'a, wanda kowa yake kira Baba Katakis. Ya haura shekara 70, ya yi horonsa a Malumfashi tun da ƙuruciya, kuma ya taɓa raka wani Fada zuwa gidan sufaye na Ewu a Jihar Edo, inda ya yi 'yan makonni yana tashi da su cikin dare. Daga can ya dawo da wani littafin rubutu mai jan bango, wanda ya cika da abubuwan da ya ji ya kuma mayar da su Hausa da hannunsa. Wata Lahadi bayan an watse ya tsayar da ni a gindin dalbejiya ya ce, “Malam, addu'arka tana da daɗin ji, amma yaushe rabonka da ka rufe baki ka saurari abin da ake ce maka?” Raina ya ɓaci, sai dai ba a mayar wa dattijo magana, don haka na ce, “Baba, ku koya mini.” Ya ce in same shi a zaurensa da yamma ranar Larabar Toka, wato ranar da ake shafa mana toka a goshi mu fara azumin kwana 40 kafin Ista.

Larabar Toka ta faɗo ranar 22 ga Fabrairu, kwana 3 kafin zaɓen shugaban ƙasa, a daidai lokacin da takardun kuɗi suka ɓace daga hannun mutane har tumatir yana lalacewa a kwando saboda babu mai saye da tsaba. Da wannan hayaniya a kaina na shiga zauren, tokar safe ba ta gama gogewa daga goshina ba. Baba bai fara da wa'azi ba. Ya aiki jikansa ya ɗebo ruwan kududdufi a wata farar kwalba, ya girgiza ya ajiye a kan dakali, sannan ya ba ni labarin sufayen da suka shiga hamadar Masar tun wajen ƙarni na 3 da na 4. Ya ambaci Antoniyus, wanda ya rasu a shekarar 356 yana da shekara fiye da 100, kuma wanda ya fara tafiyarsa da rabar wa mutanen garinsu gonakin da ya gada. Da ya zo kan gonakin gado sai ya ɗan dube ni ta gefen ido ya wuce. Ya kuma ambaci wani baƙar fata mai suna Musa, tsohon ɗan fashi da ya tuba, wanda wani ya je neman nasiha wurinsa sai ya ce masa ya je ya zauna a ɗakinsa, ɗakin zai koya masa komai. Kafin ya gama, laka ta kwanta a gindin kwalbar, saman ruwan ya fara washewa. Ya ce wannan misali ma ba nasa ba ne, na mutanen hamadar ne: wani a cikinsu ya nuna wa abokansa biyu da hidimar jama'a ta gajiyar da su cewa mutum ba ya ganin fuskarsa a ruwan da ake ta motsawa, sai an bar shi ya natsu.

Umarnin da ya ba ni gajere ne, har na ji kamar an raina karatuna. In sami wuri ɗaya da ba zan riƙa canzawa ba, in zauna da bayana a miƙe, minti 20 da asuba da minti 20 da yamma, tun daga ranar har Ista. In fara da karanta aya biyu ko uku a hankali, sannan in rufe Littafi Mai Tsarki in riƙe addu'a guda a zuci: “Ya Ubangiji Yesu Kristi, Ɗan Allah, ka ji tausayina, ni mai zunubi.” Ya ce rabinta kukan makahon Yariko ne, rabinta kuma roƙon mai karɓar harajin da ya tsaya daga nesa a Haikali cikin Luka sura 18, kuma Kiristocin gabas sun daɗe suna riƙe da ita. Idan tunani ya ɗauke ni, kada in yi faɗa da shi, kada kuma in zagi kaina, in dawo kan addu'ar kawai, ko da sau 100 ne. Ya gargaɗe ni kada in matsa wa numfashina don neman wani yanayi, kuma kada in sa ran ganin haske ko jin murya. “Idan ka ga wani abu,” in ji shi, “ka zo ka gaya mini, ni kuma zan ce maka ka manta da shi.”

Wurin da na zaɓa shi ne tsohon ɗakin ajiya na mahaifinmu da ke bayan rumbu, inda garma da fartanya da buhunan taki suke, ɗakin da har yanzu warin busasshiyar kuka bai bar shi ba. Na share lungu ɗaya na shimfiɗa buzu, na sa agogon waya ya tashe ni da ƙarfe 5. Safiyar farko na zauna ina zaton shiru abu ne da yake samuwa da zarar mutum ya rufe baki. Ban kai ƙarshen addu'ar sau uku ba na tsinci kaina ina lissafin kuɗin man injin ban-ruwa, daga nan na koma kan wanda zai ci zaɓe, daga nan kuma na tsaya gaban mai unguwa ina kare kaina a kan iyakar fadama, da hujjoji masu kyau waɗanda ban tuna da su ba ranar zaman. Na dawo kan addu'ar, na sake ɓacewa. Sauro ya sami wuyana, ƙafata ta dama ta yi sanyi, ɓera yana ta aikinsa cikin buhu. Da na tabbata minti 20 sun wuce sai na duba waya na ga 7 kawai aka yi.

Haka makon farko ya tafi, kuma abin da na gano a cikinsa ya ba ni kunya. Kusan duk inda tunanina ya bi, a ƙofar Yaya yake ƙarewa. Ashe shari'ar da nake cewa na bar wa Allah, ni ne nake zamanta dare da rana a cikin kaina, ni ne mai ƙara, ni ne shaida, ni ne kuma alƙali. Da can ban san da wannan ba, domin surutun makaranta da rediyo da hirar dandali suna rufe shi, kamar yadda mai aiki kusa da injin niƙa ba ya jin kukan cikinsa.

A gida kuwa abin bai wuce ba tare da tambaya ba. Uwargidana ta fara zaton fushi nake yi da ita. Inna ce ta fi damuwa, kuma damuwarta tana da tushe, domin ta tashi a gidan da ake bori, ta ga yadda mutum yake yin tsit ya lumshe ido kafin iska ta hau shi. Ta tare ni wata safiya ina fitowa ta ce, “Auta, mun baro wannan hanya da daɗewa, me kake kira a ɗakin ubanka cikin duhu?” Na kai wa Baba maganar, ya ɗauki sandarsa ya zo har gida ya zauna da ita. Ya ce mata a bori ana kiɗa da kirari domin mutum ya fita daga hayyacinsa wani ya shiga, amma a nan mutum yana zaune cikin hayyacinsa, ba ya barin zuciyarsa wayam, sunan Yesu ne a cikinta daga farko har ƙarshe. Ya tuna mata cewa Yesu da kansa ya ce mai addu'a ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa, kuma Markus ya rubuta cewa yakan tashi tun da sauran duhu ya tafi inda babu kowa. Inna ta saurara, ta ce to, amma ta sa sharaɗi a bar ƙofar a buɗe kaɗan. Na amince, kuma daga baya na gane cewa takan zauna a bakin ɗakinta tana gadina.

A mako na biyu Baba ya gyara mini karatu. Ya ce ina karanta Littafi kamar mai shirya darasi, ina neman abin da zan faɗa wa wasu. Ya buɗe littafinsa mai jan bango ya karanto mini matakai 4 da wani sufi mai suna Gigo ya tsara a ƙarni na 12: karatu, bimbini, addu'a, sai kuma natsuwa a gaban Allah. Sufin ya kwatanta su da cin abinci, wato sa loma a baki, taunawa, jin ɗanɗano, sai daɗin da yake ratsa jiki. Baba ya ce in dubi saniya idan ta kwanta a inuwa tana tuƙa, ba ta gaggawa kuma ba ta neman sabuwar ciyawa. Ya ba ni labarin makaho Bartimawas a Markus sura 10 ya ce in zauna a kansa mako guda cur. Kwana na huɗu wata tambaya ta maƙale mini, wadda na karanta sau da yawa ban taɓa tsayawa a kanta ba, inda Yesu ya tambayi makahon me yake so a yi masa. Na ga cewa da ni aka tambaya a ranar, amsata ta gaskiya ita ce a ba ni gaskiya a gaban dattawa, a kunyata Yaya.

Darasin da ya fi zauna mini a rai a lambu aka ba ni shi. Wata yamma Baba ya biyo ta fadama ya same ni ina jan ruwa da guga daga 'yar rijiyar da ke gefen fangali, domin ranar babu kuɗin mai. Ya zauna a kan kunya ya ce wata mata mai suna Teresa, 'yar garin Abila a ƙasar Sifaniya, wadda ta rayu daga 1515 zuwa 1582, ta kwatanta zuciyar mai addu'a da lambu, ta ce hanyoyin shayar da shi 4 ne. Ta farko ita ce wadda nake yi a lokacin, jan ruwa da guga, ƙarfi mai yawa ruwa kaɗan. Ta biyu ita ce wata na'ura mai juyawa da tukwane a jikinta, wadda Baba ya ce mafi kusa da ita a wajenmu shi ne jigon da iyayenmu suka yi aiki da shi, inda nauyi yake taimakon hannu. Ta uku ita ce a jawo rafi ya bi ta cikin lambu, kamar yadda na gani a Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga yake biyo magudana, aikin manomi kawai ya buɗe masa hanya. Ta huɗu ruwan sama ne, wanda babu hannun kowa a cikinsa. Ma'anar ita ce mafari yana wahala da tattara hankalinsa, amma idan tafiya ta yi nisa aikin mutum yana raguwa na Allah yana ƙaruwa, har a kai inda mutum ba ya yin komai sai karɓa.

Na tambaye shi wata nawa ake ɗauka kafin a kai ga jigo. Ya yi dariya har da tari, ya ce ita kanta Teresa ta yi kusan shekara 20 tana fama, har ta faɗa da bakinta cewa sau da yawa hankalinta yana kan agogo ne, tana jiran lokacin addu'a ya cika. Ya ƙara da abin da ban so ji ba, cewa a cewarta akwai ranakun da za a zura guga ya fito babu ko ɗigo, kuma a irin wannan rana ma'aikaci ba ya jefar da igiya, domin lambun ba nasa ba ne, na Maigida ne, kuma Maigidan yana ganin zura gugar. A matsayina na mai lambu na san inda misalin yake da ƙarfi, domin wanda ya ce sai ya ji sha'awa zai yi ban-ruwa, albasarsa ba za ta kai kasuwa ba. Na kuma san inda yake da ciwo, domin babu manomin da ya taɓa jawo hadari da ƙoƙarinsa.

Busasshiyar rijiyar ta same ni a mako na uku da na huɗu, daidai lokacin da zafin bazara ya kankama. Sabon abu ya daina zama sabo, addu'ar ta koma kamar tauna ƙaiƙayi, ayoyin ma suka daina cewa komai. Na fara kawo wa kaina dalilai masu kama da hankali: cewa wannan al'adar Turawa ce, cewa minti 40 a rana sun fi amfani a lambu, cewa addu'ar da na saba ta fi kai wa sama. Kwana biyu a jere ban shiga ɗakin ba. Da na je na shaida wa Baba na gaji, bai yi mamaki ba. Ya ce wani sufi a Masar mai suna Ibagiriyus, wanda ya rasu a 399, ya lissafa miyagun tunani 8 da suke addabar mai zaman kaɗaici, kuma a cikinsu akwai wanda ya kira shaiɗanin tsakar rana, yana ɗaukar sunan daga Zabura 91. Aikinsa shi ne ya sa mutum ya ga rana ta ƙi tafiya kamar yinin ya zama awa 50, ya riƙa leƙen taga, ya tsani wurin zamansa, ya tabbata cewa a wani wuri dabam ne alheri yake. Maganinsa kuwa, in ji Baba, shi ne a ƙi tashi. Game da zancen Turawa ya ce in duba taswirar da nake koya wa yara in gaya masa a wace nahiya Masar take.

Sai ya kawo wani misali da ya sa na yi shiru. Ya ce Yohanna na Gicciye, abokin aikin Teresa, wanda aka kulle wajen wata 9 a wani ƙuntataccen ɗaki a birnin Toledo, ya ce Allah yana yi wa mai addu'a abin da uwa take yi wa ɗanta lokacin yaye: ta shafa ɗaci a nono, ta sauke shi daga hannu domin ya taka da ƙafarsa. Yaron yana ganin an ƙi shi ne, alhali girma ake nema masa. Na ga an yaye 'ya'yana uku, na san kukan daren farko, don haka ban nemi ƙarin bayani ba. Na koma ɗakin ajiya washegari, ba don na ji wani daɗi ba, sai don na yi alkawari.

Ranar 23 ga Maris makwabtanmu Musulmi suka ɗauki azumin Ramadan, sai ya zamana ina zaune a kan buzu ina jiyo kiran assalatu daga ƙauyen da ke hayin rafi. Wani abokin aikina a makaranta, ɗan Tijjaniyya mai lazimi safe da yamma, ya ji labari ya zolaye ni da cewa ashe na shiga halwa. Da na gaya masa yadda hankalina yake gudu, ya ce su ma sun san wannan dokin, kuma linzaminsa haƙuri ne. Bangaskiyarmu ba ɗaya ba ce, kuma ba mu yi kamar ɗaya ce ba, amma na ji sanyi da na san cewa a hayin rafi ma akwai masu fama da zuciyarsu a wannan sa'a.

A mako na biyar ne laka ta kwanta har na ga abin da ke ƙasa, kuma bai yi kyan gani ba. Ina zaune da asuba ina maimaita addu'ar, sai wani abu da na yi shekaru ban tuna ba ya taso sarai: Yaya a ƙofar kwalejin horar da malamai, ƙafafunsa fari fat da ƙura, yana kwance bakin wani tsumma yana ƙirga mini kuɗin ragonsa da ya sayar domin a bar ni in rubuta jarrabawa. Shi aka cire daga aji 4 ya riƙe garma domin ni in ci gaba. Nan take kuma na ji muryata ranar zaman mai unguwa, a gaban dattawa, ina cewa wanda bai san ko bihim ba ba zai koya mini karanta takardar gona ba. Wata 14 ina riƙe da abin da ya faɗa mini, ban taɓa tuna abin da ni na faɗa masa ba. Ban ga haske ba, ban ji murya ba, sai hawaye da majina kawai a kan buhun taki.

Na ce wa Baba tun da na fara wannan abu na ƙara lalacewa, domin da can ina ganin kaina mutumin kirki. Ya ce in je in zauna kusa da murhu in kalli ɗanyen itace. Wannan ma, in ji shi, misalin Yohanna ne: idan wuta ta kama ɗanyen itace, ba ta fara da haskaka shi, sai ta fitar da ruwan da ke cikinsa, ta baƙanta shi, ya yi hayaƙi da wari, sannan daga baya ya zama garwashi. Da daddare na tsuguna a madafa ina kallon kumfa tana tsattsafowa daga gindin wani reshen dalbejiya, uwargida tana fifita wuta tana share ido, tana mamakin abin da ya kawo ni wurin.

Sau ɗaya tak a cikin kwanakin nan na ɗanɗani abin da nake zaton shi ne jigo, kuma ina taka-tsantsan wajen bayyana shi. Wata asuba addu'ar ta yi ta gajarta da kanta har ta rage sunan kaɗai, sannan sunan ma ya yi shiru, amma ba barci ba ne, domin ina jin carar zakara da motsin Inna a tsakar gida. Tunani suna wucewa daga nesa kamar masu tafiya kasuwa a kan hanya, babu wanda ya tsaya a ƙofata. Abin da zan iya cewa kawai shi ne na san ba ni kaɗai ba ne a ɗakin, kuma babu abin da ake nema in tabbatar. Da waya ta yi ƙara na ji kamar yanzu na zauna. Na garzaya wurin Baba da murna, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce in gode wa Allah in manta, domin gobe guga ce, kuma haka aka yi. Ya ce ma'aunin wannan tafiya ba a ɗakin ajiya yake ba, kuma sabunta hankalin da Bulus ya yi magana a kai a Romawa sura 12 mutanen gida ne suke fara ganinsa kafin mai shi.

Gwajin ya zo ranar Talatar Mako Mai Tsarki, wato makon ƙarshe kafin Ista. Na isa fadama da la'asar na tarar da awakin Yaya guda 5 a cikin tumatir, ɗansa mai shekara 10 da aka ba kiwo yana can yana wasa a rafi. Na kama hannun yaron, na ɗaga nawa. A nan ne na lura da abin da ya sauya, kuma ƙarami ne ƙwarai. Da can tsakanin tasowar fushi da saukar mari babu ko ƙofar allura, amma a ranar na ga fushin yana tasowa kamar kunu a kan wuta, na gane shi, domin na yi makonni ina kallonsa yana zuwa yana tafiya a cikin duhu, kuma addu'ar ta zo bakina ba tare da na kira ta ba. Na sauke hannun. Ba zan ce fushin ya tafi ba, domin har dare ina lissafin kwandunan da na rasa, amma yaron ya koma gida da awakinsa ba tare da shatin yatsu a kumatu ba.

Ranar Alhamis da yamma aka yi wankin ƙafa a majami'a, ni da Yaya muna cikin ɗaki ɗaya kowa yana kallon gabansa. Na san abin da Matiyu sura 5 ta ce game da wanda ya kawo baiko bagade ya tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa, na kuma sha koya wa wasu. Da asubar Juma'a na shiga ɗakin ajiya kamar kullum, na yi kamar minti 5, sai na naɗe buzun na fita. Inna tana bakin ɗakinta, ta bi ni da ido ba ta ce komai ba.

Na sami Yaya a turke yana ɗaure wa sansa igiya. Na durƙusa na ce, “Yaya, ina kwana.” Ya daɗe bai juyo ba, har na fara jin zafin tsakuwa a gwiwata, sannan ya ce, “Lafiya.” Na ce masa maganar da na faɗa a gaban dattawa ban kyauta ba, kuma ban manta ragon ba, ko da yake na yi kamar na manta. Ya ci gaba da ɗaurin igiyarsa, ya ja ta sau biyu ya gwada ƙarfinta, ya ce, “Na ji.” Bai ce ya yafe ba, ni ma ban nemi ya faɗa ba, kuma maganar iyaka tana nan a hannun mai unguwa har yau. Na miƙe zan tafi, na kai bakin darni, sai ya kira ni da sunan da yake kirana tun muna yara, ya ce jiya ya bi ta fadama ya ga albasar da ke fangalin ƙasa ta fara kwantar da ganye, in rage mata ruwa tun yanzu idan ba so nake ta ruɓe a ajiya ba.